Makaho ma zai iya jagorantar taron bidiyo, in kun daina cewa "kamar yadda kuke gani"

Akwai wata magana da in na ji ta a taron bidiyo sai in ji jikina ya yi sanyi, ba don zagi ce ba, mai faɗinta ma bai san ya yi wani abu ba. Maganar ita ce "toh kamar yadda kuke gani a allo". Daga nan sai a yi tsit na ɗan lokaci kowa na kallon abin da aka ɗora, sai wani ya ce "kai wannan ya yi yawa fa", wata ta ce "ni na biyun nan ne bai kwanta min ba", ni kuma ina zaune da hedfon a kunne ban san mene ne ya yi yawa ba, ban san na biyun me ake magana ba, kuma kafin in samu gurbin da zan sa baki in tambaya an riga an wuce shafi na gaba. Ni makaho ne. Da manhajar karanta allo nake aiki, wadda muke ce wa sikirin rida, da kibod kawai, maus ba shi da wani amfani a wurina. Kuma shekarun nan da na yi ina shiga taruka ta intanet, wasu ina ɗan sauraro wasu ni ne nake riƙe da taron, sun sa na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: na'ura ta yi nata ƙoƙarin, yanzu mafi yawan abin da ke hana mu tafiya kafaɗa da kafaɗa da kowa a taro ɗabi'ar mutane ce, kuma ɗabi'a ana iya gyara ta yau yau ba sai an jira wani kamfani ba.

Bari in ɗan fayyace wa wanda bai taɓa ganin yadda muke yi ba. Sikirin rida manhaja ce da ke karanta maka abin da ke kan allo da murya, ko ta tura shi zuwa na'urar rubutun makafi ka shafa da yatsa. A Windows akwai JAWS da ta daɗe tun 1995, akwai NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina daga 2006 kuma kyauta ce har gobe, akwai Narrator da ke zuwa a cikin Windows ɗin kanta. Masu Apple suna da VoiceOver, masu Android suna da TalkBack. Ba hoton allon take kallo ba, wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Rubutu da sunayen maɓallai take karantawa, waɗanda wanda ya gina manhajar ya sa musu suna. In ka danna Tab sai ta ce maka ka iso kan kaza, ka sake dannawa ta ce ga kaza, abu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lalube a ɗakin da bai sani ba. Mai ido yana ɗaga kai ya ga allon gaba ɗaya a lokaci guda, ni sai na bi su a jere.

Yanzu ka ɗauki wannan ka haɗa da taro. Kunnena biyu ne amma muryoyi biyu suke rububinsu, ga mai magana a taron yana bayani, ga sikirin rida tana ta zuba "wane ya shigo, wance ta fita, wane ya aiko saƙo", duk a kai ɗaya. Ranar farko da na shiga taro mai mutum kusan hamsin ban kashe sanarwar shiga da fita ba, wallahi rabin jawabin buɗe taro ban ji shi ba, duk wanda netwok ɗinsa ya yanke ya dawo sai an sanar da ni sau biyu. Daga baya na koyi cewa a Zoom akwai wurin da za ka zaɓi irin sanarwar da kake son ji da wadda ba ka so, a cikin saitin da aka ware wa masu buƙata ta musamman, na koyi cewa Ctrl kaɗai in ka taɓa shi yana sa NVDA ta yi shiru nan take, sannan a 2024 NVDA ta zo da wani abu da ya sauƙaƙa min rayuwa sosai, wato raba sauti, muryar sikirin rida a kunne ɗaya sautin taron a ɗaya kunnen. Ƙaramin abu ne a wurin wani amma ni ya raba min gardama.

Sai batun shotkat, wato haɗa maɓallai biyu ko uku don yin abu a take. Ba tare da su ba taro ba ya yiwuwa, domin in aka kira sunanka aka ce "Malam me za ka ce a kan wannan" ba ka da lokacin danna Tab sau goma sha biyar kana neman inda makirufo yake. A Zoom na Windows Alt da A ne ke buɗe makirufo ya rufe, Alt da V kyamara, Alt da Y ɗaga hannu, Alt da H akwatin saƙo, Alt da U jerin mahalarta. A Teams kuwa makirufo Ctrl da Shift da M ne, kyamara Ctrl da Shift da O, ɗaga hannu Ctrl da Shift da K. Ka koma Google Meet sai ka tarar makirufo Ctrl da D ne kyamara Ctrl da E. Aiki ɗaya, hanyoyi uku, kuma akwai ranar da zan yi taro uku a manhajoji ukun nan a jere, yatsuna suna tuna na safe alhali ina cikin na rana. Wannan Ctrl da D ɗin ma in ka kuskure ba ka kan shafin taron a burauza, ajiye shafi zai yi maka a jerin waɗanda ka fi so, kai kana zaton ka buɗe baki kana ta magana ba mai jin ka. Ina ganin lokaci ya yi da kamfanonin nan za su zauna su yarda a kan maɓallai guda na abubuwa huɗu ko biyar da kowane taro ke buƙata, kamar yadda Ctrl da C ya zama kwafi a kusan ko'ina. Ba na jin akwai abin da wani zai yi asara in aka yi haka.

Amma fa kar a ɗauka kuka na zo yi. Akwai wani alheri da taron intanet ya kawo mana wanda ban cika jin ana faɗa ba, kuma shi ne asalin abin da ya sa nake wannan rubutun. A taron ido da ido, a ɗaki da kujeru, makaho bai san wa da wa ke ɗakin ba sai wanda ya yi magana. Bai san wa ya ɗaga hannu ba, bai san wa ya sulale ya fita ba, in shi ne shugaban taro dole a zaunar da wani kusa da shi yana raɗa masa "wane na son magana". A taron bidiyo kuwa ina danna Alt da U sai ga sunan kowa, ina bi da kibiya ana karanta min wane makirufonsa a rufe, wance ta ɗaga hannu, wane yana ɗakin jira bai shigo ba tukuna. A karon farko a rayuwata na riƙe taro ni kaɗai ba mai raɗa min komai a kunne, ni na shigo da mutane daga ɗakin jira, ni na rufe makirufon wanda hayaniya ke tashi a bayansa, ni na ce "Hajiya ke kika fara ɗaga hannu, bismillah, bayanki sai Malam wane". Da na rufe taron ran nan na daɗe a zaune hannuna a kan kibod ina jin wani irin daɗi da ban iya misalta shi ba. Ba hawa mota, ba neman ƙofar ɗaki, ba tambayar ina kujerata take. Lokacin da cutar korona ta kulle duniya a 2020 har masu shiga taron Zoom a rana suka tashi daga kusan miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu, mutane da yawa sun ga takura ce, kuma takurar ce, amma ga wasunmu wata ƙofa ce ta buɗe.

Shi ya sa abin ke ci min rai in na ga ana mayar da ƙofar nan ana rufewa da abubuwan da ba su kai sun kawo ba. Babbansu shi ne ɗora allo. In ka ɗora allonka don mutane su gani, abin da ke isowa gare ni bidiyo ne kawai, hoto mai motsi, ko da rubutu ne zalla a cikinsa sikirin rida ba ta ganin harafi ko ɗaya. Eh akwai dabarar da NVDA ke iya ɗaukar hoton ta gwada gane rubutun da ke ciki, wato ka danna maɓallin da aka ware wa NVDA a kibod tare da R, amma ka yi tunanin kana yin haka a kowane shafi alhali mai bayani na ci gaba da magana, kuma in jadawali ne ko zanen lissafi sai ya fito a cakuɗe ba kai ba gindi. Teams na da hanyar ɗora PowerPoint kai tsaye yadda kowa zai iya bin shafukan da kansa har da mai sikirin rida, amma sai mai gabatarwa ya zaɓi hanyar, kuma yawanci ba a zaɓa saboda ba a san bambancin ba. Mafi sauƙin duka dai shi ne ka turo takardar tun kafin taro, ko da awa ɗaya ce, a fayil mai rubutu na gaske ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba. In na karanta tun da wuri ina shigowa da shirina kamar kowa, wani lokacin ma na fi wasu shiri domin ni dole na karanta.

Sannan ka faɗi abin da kake nunawa. Maimakon "kamar yadda kuke gani" ka ce "a wata na uku adadin ya sauka da kusan rabi", maimakon "wannan da wancan" ka kira su da sunansu. Ba fa ni kaɗai wannan ke taimaka wa ba, akwai wanda ya shigo ta waya allonsa ƙarami, akwai wanda netwok ya sa hoton ya dushe masa, akwai wanda zai saurari rikodin daga baya yana wani aikin. Haka ma faɗin suna kafin magana, in taron na da mutane da yawa ko baƙi ne ka ce "wane ne ke magana" sannan ka ci gaba, daƙiƙa biyu ce. Ina gane muryar abokan aikina na kullum amma ba zan haddace muryar mutum talatin da na haɗu da su yau ba.

Akwatin saƙo kuma wani tashin hankalin ne na daban. Mai ido yana sauraron jawabi yana satar kallon saƙonni ta gefen ido, ni ba ni da gefen kunne, ko dai in saurari mai magana ko in saurari saƙo. To sai ka ga an yanke muhimmiyar shawara a akwatin saƙo, an canza ranar taro na gaba, an ajiye link ɗin takarda, duk ana cikin jawabi, ni sai bayan an tashi nake ji. Akwai wani taro da aka ce wanda ya amince ya danna alamar babban yatsa, cikin daƙiƙa goma aka ce "toh kowa ya amince, mun wuce", ni kuwa ina da ja a kan maganar kuma ban ma kai ga gano inda alamar take ba. Ban yi shiru ba, na buɗe makirufo na ce a dakata ina da magana, kuma shugabar taron ta ba ni haƙuri ta saurare ni har aka gyara wani sashe na shawarar, Allah ya saka mata. Amma na san da yawa daga cikinmu da za su haɗiye abin su yi shiru don kar a ce sun cika ƙorafi. Shugaban taro nagari yakan tsaya lokaci lokaci ya karanta abin da aka rubuta da babbar murya, kuma in za a kaɗa ƙuri'a ya ba da lokaci ya kuma yarda a faɗa da baki.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa min. Za a ce ai sai ka yi magana, in ba ka gane ba ka tambaya mana, wa ya hana ka. Gaskiya ne ba wanda ya hana ni, kuma ina tambaya. Amma ka gwada katse manyanka sau shida a taro ɗaya kana cewa a karanta maka, ka ga yadda za a fara jin ka, ka ga yadda kai kanka za ka fara jin nauyi. Duk lokacin da na katse don neman abin da kowa ya riga ya samu, na kashe damar da zan yi amfani da ita in faɗi ra'ayina a kan aikin kansa, a ƙarshe abin da za a tuna da ni shi ne mutumin nan da ake karanta wa abu, ba mutumin da ya kawo shawara ba. Wasu kuma za su ce a haɗa ka da wani ya riƙa taimaka maka. Na gode da niyyar, kuma akwai inda taimakon ke da amfani, misali ni kaina kafin taro mai muhimmanci nakan kira wani abokin aiki in ce dan Allah duba min, fuskata na tsakiyar kyamara, akwai haske a ɗakin, domin wannan abu ne da ba yadda za a yi in sani. Amma a ce sai da ɗan rakiya zan shiga taron da zan iya riƙewa da kaina, wannan mayar da hannun agogo baya ne. Sai masu cewa duk wannan zai ɓata lokaci. Ni dai a tarukan da na gani, wanda aka turo takarda da wuri kuma mai bayani ke kiran abu da sunansa ya fi saurin ƙarewa, saboda ba a tsayawa ana "wanne kake nufi".

Su ma masu gina manhajojin ba zan wanke su tas ba. An samu ci gaba sosai, wannan ba a musu, amma har yau akwai ranar da za ka wayi gari wata manhaja ta yi afdet cikin dare, maɓallin da ka saba samu bayan Tab uku ya koma wani lungu, ko a ƙara sabon abu ba a sa masa suna ba sai sikirin rida ta ce maka "maɓalli" kawai, maɓallin me, oho, kuma kana tsoron dannawa kar ya zama na fita daga taro ko na ɗora allonka ga jama'a. Ya taɓa faruwa da ni wani ƙaramin akwati ya buɗe a tsakiyar taro, na shiga cikinsa da kibod na kasa fita, Tab na ta zagaye da ni a wuri ɗaya, Escape bai yi aiki ba, sai da na rufe manhajar gaba ɗaya na sake shiga, kuma ni ne mai masaukin taron. Abin takaicin shi ne wannan ba sabon ilimi ba ne. Ƙa'idojin WCAG na gina shafukan intanet yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da su, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, tun bugun 2008, sun faɗa ƙarara cewa duk abin da ake yi da maus dole a iya yin sa da kibod, kuma kar a bar wurin da kibod zai shiga ya maƙale. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 9, ta sa fasahar sadarwa cikin abubuwan da dole a buɗe wa kowa, Tarayyar Turai kuma dokarta ta 2019 a kan haka ta fara aiki a ranar 28 ga Yunin 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, ba duka ne makafi ba ko kusa, amma ya isa ya nuna ba wasu 'yan tsiraru ake yi wa alfarma ba. Kuma kibod ba namu ne mu kaɗai ba, akwai mai rawar hannu, akwai wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, akwai wanda ciwon wuyan hannu ya hana shi riƙe maus. Duk ma'aikatar da za ta zaɓi manhajar taro ya kamata kafin ta sa hannu ta ba wa mai sikirin rida ya gwada, kuma ba gwajin shiga ya saurara kawai ba, ya gwada buɗe taro, shigo da mutane, raba su ƙananan ɗakuna, kaɗa ƙuri'a, rufe taro. Yawancin gwajin da ake yi a kujerar baƙo yake tsayawa, kamar an riga an yanke cewa ba za mu taɓa zama a kujerar shugaba ba.

'Yan uwana masu sikirin rida kuma, mu ma akwai namu. Kar ka bari sai ranar taro za ka fara laluben manhaja, buɗe taron gwaji kai kaɗai ko da aboki ɗaya ka danna komai ka ji abin da zai ce, ka haddace makirufo da ɗaga hannu da fita kafin komai. Ka sa hedfon, ba don jin daɗi kawai ba, in ba haka ba makirufonka zai kwashi muryar sikirin rida ya watsa wa kowa, har saƙon sirrin da aka turo maka, haka ma in za ka ɗora allonka ka lura da zaɓin haɗawa da sautin kwamfuta domin shi ma yana iya kai muryar cikin taron. Ka shiga minti goma kafin lokaci. Kuma in an ce wa zai jagoranci zama na gaba kar ka sunkuyar da kai ka jira a tsallake ka, ka ce ni zan yi.

Makon da ya wuce wani sabon abokin aiki yana gabatar da rahoto, ya fara "toh kamar yadda kuke ga..." sai ya tsaya da kansa, na ji ya ɗan ja numfashi, ya ce "afuwan, bari in karanto, layi na farko kuɗin da aka ware ne, na biyu abin da aka kashe, kuma na biyun ya zarce na farko". Ba ni na gaya masa ba, wajen sauran ya gani ya ɗauka. Na danna Alt da Y na ɗaga hannu, da ya kira sunana na tambaye shi dalilin da ya sa na biyun ya zarce, muka shiga maganar aiki.